Rubutu a littafi ko haɗa gem: wanne ya fi rage nauyin zuciya?

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Mama, Ya ba ki haƙurin rashinta. Kin ce tun bayan doguwar jinyar da kika yi mata abin yana cin ki a rai, kina tambaya ko ki rubuta shi a littafi, ko ki haɗa ɗan gem na kwamfuta a kai, kamar yadda kika ji wasu na yi. Duka biyun suna taimakawa, sai dai kowanne da inda yake taɓawa.

Rubutu shi aka fi yi wa bincike. A 1986 James Pennebaker, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya sa ɗalibai su riƙa yin minti 15 kullum, kwana 4 a jere, suna rubuta abin da ya fi ƙona musu rai. Da yawa sun tashi daga kan takardar ransu a jagule, amma a watannin da suka biyo baya ba su yi zaryar asibitin makaranta kamar waɗanda aka sa su rubuta harkokin yau da kullum ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna tasirin ba mai girma ba ne, kuma ba kowa ke samunsa ba. Duk da haka biro ne da takarda, babu mai gani, in kin gaji ki rufe.

Gem kuwa wata tambaya yake yi miki. A rubutu kina faɗin abin da ya faru ne. A gem dole ki tsara abin da mai bugawa zai iya yi, da abin da ba zai iya ba komai ƙoƙarinsa. Ryan da Amy Green sun haɗa gem mai suna That Dragon, Cancer a kan ɗansu Joel, wanda ciwon daji ya kama yana ɗan shekara 1, ya rasu a 2014 yana da shekara 5. Akwai wurin da mai bugawa ke tsintar kansa a ɗakin asibiti cikin dare, yaro na ta tsala kuka. Ka ba shi abin sha ya amayar, ka rarrashe shi kukan ya ƙaru. Duk inda ka latsa ba ya shiru, har sai uban ya koma ga addu'a. Haka a Depression Quest, gem ɗin Zoë Quinn na 2013 a kan ciwon damuwa: ga zaɓin da ya dace a gabanka, kana karanta shi, amma an ja masa layi, ba ya latsuwa.

Wannan ne ya sa nake ganin gem na iya kaiwa inda rubutu ke tsayawa, musamman ga mai jinya. Abin da ke hana irinku barci shi ne "da na kai ta da wuri", "da na canza likita". In kin zo gina daren nan a gem, sai kin bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, kin tambayi kanki: a ranar, da abin da na sani a lokacin, wannan hanyar a buɗe take? Sau da yawa da hannunki za ki ja mata layi.

Amma yana da tsada a zuciya. Gem ba ya ƙarewa a zama ɗaya, kuma duk gyaran da kika yi sai kin sake buga wurin don ki ga ko ya zauna. Ma'ana za ki yi ta shiga ɗakin nan kina fita. Iyayen Joel sun fara aikin yana raye, ba su fitar ba sai Janairun 2016. Ga kuma idon jama'a: a 2014 an yi wa Zoë Quinn ca da zagi da barazana a intanet. Wanda bai san Mama ba zai iya buga gem ɗinki ya ce bai yi daɗi ba, kuma maganar za ta yi zafi.

Tunda ciwon ɗanye ne, ni dai zan ce ki fara da littafi. Idan kin kai matsayin da za ki karanta abin da kika rubuta ba tare da ya kwantar da ke ba, sai ki buɗe Twine, manhaja ce kyauta da Chris Klimas ya fitar a 2009, kuma da ita aka yi Depression Quest. Ba sai kin iya kodin (rubuta umarnin kwamfuta) ba, shafuka ne kike rubutawa ki haɗa su da zaɓi. Kada ki ɗauko jinyar gaba ɗaya, ki ɗauki dare ɗaya da ɗaki ɗaya, ki bar shi a kwamfutarki tukuna. In kuwa barci da cin abinci sun gagara, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, ki ajiye duka biyun ki ga likita, kuma ki gaya wa wani na kusa da ke tun yau.