Littafin Jagoran MuseScore: Duba Lambar Sigar Kafin Ka Buɗe Shafin Farko

Manhajar MuseScore, wadda ake rubuta notocin kiɗa da ita a kwamfuta, kyauta ce, littafin jagoranta da ake kira Handbook shi ma kyauta ne a shafin musescore.org. Na yi aiki da shi wajen rubuta waƙoƙin mawaƙa masu murya huɗu, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa mai koyo ya fara riƙewa, da sharaɗi guda: ya tabbatar littafin na sigar da ke cikin kwamfutarsa ne.

Wannan sharaɗin ba ƙaramin abu ba ne. Da aka fitar da MuseScore 4 a watan Disamba na 2022, an sauya fuskar manhajar sosai. Akwatin gyaran da ake kira Inspector a siga ta 3 ya koma Properties. Maɓallin ɗaure nota biyu su zama sauti ɗaya, wanda a da alamar tarawa ce, ya koma harafin T. Mai bin tsohon littafi zai yi ta danna maɓalli yana ganin ba abin da yake so ke fitowa ba, har ya ɗauka kansa ne ya toshe, alhali littafin ne ya tsufa. Saboda haka a fara shiga Help a duba lambar sigar, sannan a nemi littafin da ya yi daidai da ita.

Babin shigar da nota shi ne mafi amfani, kuma an tsara shi da kyau. Ka danna gidan farko (gida shi ne yankin layukan kiɗa mai ɗauke da ƙayyadadden adadin bugu), ka buga N, ka zaɓi tsawon nota da lamba, sannan ka buga sunanta daga A zuwa G. Lamba 5 ita ce nota mai bugu ɗaya a ma'aunin 4/4, 4 rabin bugu, 6 bugu biyu, 7 bugu huɗu. Sifili na saka shiru. In nota ta faɗo sama ko ƙasa da inda ake so, Ctrl da kibiyar sama ko ta ƙasa za su kai ta wurinta. Tsawo ne ke gaba, suna na biye. Wanda ya juya wannan tsarin zai sha gyara.

Ga inda sababbi suka fi tuntuɓe: manhajar ba ta ture nota gaba, hawa kanta take yi. In ka tsawaita nota daga bugu ɗaya zuwa biyu, sai ta cinye wadda ke bin ta, domin dole jimillar bugun kowane gida ta tsaya yadda take. Littafin ya yi bayanin haka, amma mai sauri zai iya wuce wurin bai lura ba. Da ni ne da na sa shi da manyan baƙaƙe a shafin farko.

Kada a ari littafin wata manhaja a ce ai duk kanwar ja ce. A Sibelius lamba 4 ce ke ba da nota mai bugu ɗaya, a Dorico kuwa 6. Littattafan Finale ma suna nan birjik, amma kamfanin MakeMusic mai ita ya sanar da daina sabunta manhajar a watan Agusta na 2024, don haka ban ga dalilin da mai farawa yau zai zuba kuɗinsa a can ba.

Kan saka baitocin waƙa, bayanin ya gamsar da ni. Ctrl da L ke buɗe wurin rubutu a ƙarƙashin nota, ƙaramar karan ɗori na raba gaɓoɓin kalma, dogon maɓallin tazara na kai ka kalma ta gaba, alamar layin ƙasa (_) kuma na jan gaɓa ɗaya a kan notoci da yawa. Mai rubuta baitoci da Hausa sai ya ƙara da nasa: ya fitar da shafin gwaji a PDF ya duba ɓ, ɗ da ƙ. In sun fito da wata kama dabam da sauran haruffa, a canza salon rubutun zuwa wanda ke ɗauke da su, irin su Charis SIL.

Rauninsa biyu ne. Na farko, kalmominsa na Turancin Amurka ne. Wanda ya koyi crotchet da bar a wurin malaminsa zai tarar da quarter note da measure, wato nota mai bugu ɗaya da gida, kuma in ya yi bincike da kalmar da ya saba, yana iya rasa shafin da yake nema. Na biyu, littafin yana nuna yadda za a danna ne, ba ya koyar da kiɗa, ba ya kuma zurfafa kan ƙa'idojin shafin da mawaƙi zai karanta ba tare da ya yi gardama da idonsa ba. Mai son wannan sai ya nemi Behind Bars na Elaine Gould, wanda Faber Music ta buga a 2011. Kusan shafi 700 ne, na dubawa ne lokacin buƙata, ba na haddacewa ba.

Shugabannin mawaƙan coci da suka tashi da do re mi su sani cewa manhajar an gina ta ne kan layuka biyar. Tana iya rubuta sunayen do re mi a cikin kawunan notoci, ta hanyar Notehead scheme da ke cikin saitin layukan, amma wannan ba shi ne shafin sol-fa da suka saba riƙewa ba.

Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce a ɗauki gajeriyar waƙa mai gida 16, a raba allon kwamfuta biyu, littafi a gefe, manhaja a gefe, a buɗe babi sai an cije. Inda data ke wuya, a adana babin nota, na baitoci da na maɓallai a matsayin PDF tun ana kan intanet. In kuma za a aika wa mai tsohuwar siga aikin, a fitar da shi a MusicXML, nau'in fayil ɗin da manhajojin rubuta kiɗa ke musaya da shi, domin MuseScore 3 ba ta buɗe fayil ɗin da aka adana a siga ta 4.