GARGAƊI: Mai sayar da hedar salansa ya cinye min albashin wata biyu, ya haɗa da katalis ɗina

Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, don na san akwai masu cewa ai ni na kai kaina. Ku faɗa. Amma ku fara karantawa tukuna, saboda shafin mutumin nan yana nan a buɗe har yanzu, jiya ma sabbin hotuna ya ɗora kamar ba abin da ya faru.

Albashina na wata biyu cur ya ci. Wata biyu. Ban da tsohon manifol ɗina da katalis ɗin da ke jikinsa, wato gwangwanin da ke tace gubar hayaƙi, waɗanda ni da hannuna na naɗe a kwali na aika masa.

Ga wanda bai san harkar ba, heda bututai ne da ake ɗaurawa a madadin manifol na asali, wannan ƙarfen zubi mai nauyi da ke gefen inji yana tara hayaƙin silinda. A heda kowace silinda da nata bututun, tsawonsu ɗaya, ta yadda hayaƙin da ya fita daga wannan zai taimaka wajen janyo na mai bi mata, inji ya samu numfashi. Motata mai silinda huɗu ce, lita 1.8, ba turbo. Shekara shida tana hannuna, ni nake canza mata baƙin mai da filogi. Ba jiya na fara buɗe bonet ba, kuma sai da na yi wata da watanni ina karatu a kan abin nan kafin na nemi kowa.

Abin da ke hana ni barci shi ne wayar da muka yi ta farko. Ni 4-1 na tambaya, wadda bututai huɗu ke haɗuwa wuri guda, kuma ita ce mai tsada a wurinsa. Sai ya ce, “Babban yaya, tsere kake yi da motar nan ko zirga-zirgar yau da kullum?” Na ce yau da kullum. Ya ce, “To kada ka ɓata kuɗinka. 4-1 sai inji ya hau sama sosai take nuna kanta. Ɗauki 4-2-1, a tsakiya take ba da ƙarfi, inda kake tuƙi.” Ya hana ni sayen mai tsada! Ku gaya min, wane ɗan damfara ne yake rage wa kansa ciniki? Kuma maganarsa gaskiya ce, haka na karanta. Har ya yi min bayanin cewa tunda silindojin injin suna tashi bi da bi 1-3-4-2, a 4-2-1 ana fara haɗa silinda ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, sannan biyun su zama ɗaya. Ya ce duk wanda ya yi min alƙawarin ƙarin ƙarfin doki arba'in maƙaryaci ne, ɗan kaɗan zan samu, shi ma sai an daidaita kwamfutar motar. Na ajiye waya ina cewa alhamdulillahi, yau na samu mai gaskiya. “Kada ka ɓata kuɗinka.” Na saurari wannan a kaina ya fi sau ɗari.

Na tura kashi biyu cikin uku kafin alƙalami. A'a, bidiyon ya riga turawar, bari in gyara. Na ce ya nuna min ƙarfen, ya ce sitenles ne mai lamba 304, wanda ke da kurom wajen kashi 18 da nikel wajen kashi 8, ba ya tsatsa, maganaɗisu ba ya kama shi. Ya ɗauki bidiyo yana manna maganaɗisu a bututu yana faɗuwa ƙasa, har da kiran sunana a ciki da ranar. Ya sa ma'auni a farantin da ke manne da kan silinda, milimita 10. Ya haska tocila cikin gwangwanin katalis ɗin da ya ce an haɗa a ƙasan hedar, na ga saƙar nan mai kama da gidan zuma da idona. Me kuma ya rage mutum ya tambaya? Hedar da ke bidiyon ta gaske ce. Kawai dai ba ita ya aiko ba.

Maganar tsohon manifol kuwa ta zo ne bayan na biya, ko ranar da na biya, saƙonnin za su nuna. Ya ce in aiko shi don su auna ramukan faranti a kansa kada a samu saɓani, kuma zai yi min ragi a cikon kuɗin. Hujja ce mai shiga hankali. Sai daga baya bakanikena ya dafa kafaɗata ya ce, “Maigida, ai katalis ɗin nan suke so tun farko.” Cikinsa akwai filatinam da faladiyam da rodiyam, ƙarafa masu daraja, shi ya sa ɓarayi ke shiga ƙarƙashin motoci suna yanke shi. Ni ba sai da aka shiga ƙarƙashin tawa ba. Ni na biya kuɗin aikawa.

Ya ce kwana goma. Sai da aka yi kwana talatin da ɗaya, mota a kan jak, ina hawan ta haya zuwa aiki. Na cika masa ragowar kashi ɗayan kafin ya saki kayan. Albashin wata biyu ya cika cif.

Da kwalin ya iso tana ta sheƙi, amma ina ɗaga ta na ji ba nauyi. Farantin milimita 6 ne, ba 10 ba. Wuraren lanƙwasa duk sun tsuke sun yi tamoji, alhali heda ta kirki ana lanƙwasa ta ne da sanda a ciki don faɗin bututun ya zauna yadda yake. Na zura yatsa na ji kashin walda a ciki. Na sa maganaɗisu, ya kama ƙam. Na kira shi nan take, ya ce, “Babban yaya, 304 yakan ɗan kama a inda aka lanƙwasa.” Wannan ma gaskiya ce, yakan ɗan kama. Amma wannan ko'ina yake kamawa, har miƙaƙƙen wuri, sai na sa ƙarfi nake ɓamɓare shi. Da gaskiya ya riƙa yanka ni tun daga farko har ƙarshe.

Za ku ce don me na ɗaura. In ɗaura me? Nawa na asali yana hannunsa, mota ta yi wata a tsaye.

Sati bai cika ba ta fara ƙas-ƙas-ƙas da safe in inji ya yi sanyi, in ya ɗau zafi ta lafa. Farantin ya karkace, baƙin hayaƙi ya zana layi a gefen gaskit ɗin silinda ta 3. Warin hayaƙi yana shigowa cikin mota, ga yarana biyu a baya ina kai su makaranta, ƙaramar tana cewa Baba kaina yana ciwo. Wannan ne ba zan yafe ba. Wutar gargaɗin inji ta kama, muka sa na'ura ta nuna lambobin matsala P0171 da P0420. Ta farkon, iska ce ke shiga ta wurin yoyon kafin sensar oksijin, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta riƙa ƙarawa, mota ta koma shan mai kamar rariya. Ta biyun kuwa katalis ne ba ya aiki. Da muka kwance muka haska gwangwanin, wayam. Ba komai a ciki, ko ɓurɓushi. Sitenles na gaske in ya sha wuta launin zinare yake yi, ya koma shuɗi-shuɗi. Wannan ɓawo ya riƙa yi, wankan kurom ne aka yi wa baƙin ƙarfe, tsatsa ta fito ja. A kwana na 19 waldar mahaɗar ta tsage.

Tun kafin tsagewar ma ya daina ɗaukar wayata, ina jin tun ranar da na tura masa hoton na'urar ne. Saƙonsa na ƙarshe cewa ya yi bakanikena ne bai iya ɗauri ba. Mutumin da ya ɗaure notocin daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai auna ƙarfi, ina tsaye a kansa. Daga nan ya toshe ni.

Komai yana wurina: shaidar tura kuɗi guda biyu, takardar aika kwalin, saƙonnin murya, bidiyon maganaɗisu, da hoton gwangwanin da ba komai. Zan ɗora su da daddare in na gama rufe lambar asusuna da ke jiki.

Kada ku aika wa kowa tsohon manifol ko katalis kafin sabo ya shigo hannunku. Kada ku cika kuɗi sai kun sa maganaɗisu da ma'auni da tocila da kanku. Bidiyo ba shaida ba ne.

Yanzu manifol na asali nake nema, na hannu ma ya isa, kuma wanda na samu mai katalis a jiki kuɗinsa ya kusa wanda na riga na yi asara. Albashin wata biyu, ga kusan na wasu biyun zai bi su, don kawai motar ta koma yadda take kafin in san mutumin nan. In akwai wanda shi ma aka ce ya aiko da nasa “don a auna ramuka”, ya yi min magana ta akwatin sirri, ina so mu haɗa shaidunmu mu kai ƙara tare.