Tasnin ko mahkama: amsa ga ɗan'uwan da yaronsa ba shi da shahadar haihuwa

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya raya yaro. Ka tambaya ta ina zaka nema masa shahadar haihuwa a nan Sudan, ta tasnin ko ta mahkama. Tunda a gida aka haife shi kuma iyayensa da maƙwabta suna raye, ka bar maganar tasnin, wato takardar ƙiyasin shekaru da likita ke yi, ka tafi mahkama kawai.

Duka biyun na taɓa su. Tasnin ita ce a hannuna ni kaina, likita ya kalle ni ya ƙiyasta shekara, aka rubuta 1/1 kamar yadda ake rubuta wa kowa, har yau in an tambaye ni ranar haihuwata sai na yi dariya. Tana aiki, ban ce bata aiki ba, amma ƙiyasi ce kawai.

Ita kuwa Hauwa'u tawa a Maiurno aka haife ta 2014, cikin damina, ungozoma ta karɓe ta a ɗaki, muka yi ta cewa gobe jibi har yarinya ta kai shiga makaranta ba ko takarda ɗaya sai katin rigakafi da ya sha mai a jakar uwarta. Na ɗauki kasimar aurenmu, wato takardar aure, da rakam waɗani (lambar ɗan ƙasa) nawa da na uwarta da wancan katin, na ɗauki shaidu biyu, kawuna da wani dattijo maƙwabcinmu, muka tafi Sinnar neman ishhad shar'i, wato takardar shaida daga alƙali. Alƙali ya tambayi dattijon, kai ya aka yi ka san ranar? Wallahi tsohon nan ko tari bai yi ba yace daren ashirin da bakwai ga azumi ne, muna dawowa daga tahajjud ruwa na zuba na ji kukan jaririya, kuma ni na yanka ragon sunan da hannuna. Alƙali yayi murmushi, aka lissafa ya faɗo watan bakwai, aka rubuta. Da wannan takardar muka je sijil madani, ofishin rajistar 'yan ƙasa, aka shigar da yarinyar a matsayin sakiɗ kaid, wato wanda rajistarsa ta wuce lokaci, shahada ta fito da sunan uba da na uwa da garin da aka haife ta da ranarta ta gaskiya. Uwarta har yau a cikin akwatin lefenta take ajiye ta, ni kaina sai na roƙa ake nuna min.

Eh akwai zirga-zirga, sau uku na je, kuma ka duba shaidunka su zo da rakam waɗani nasu a aljihu, kawu ya manta nasa ranar farko muka dawo a banza. Sannan kafin ka bar wurin ka karanta sunan harafi harafi, mu Hausawa sunayenmu suna shan wahala a rubutun Larabci, in sunan kaka ya bambanta da na takardarka gyaransa yafi neman sabuwa ciwon kai.

Abin da baka tambaya ba amma dole in faɗa: simsarori, wato dillalai. Zaka gansu a bakin ƙofa, ya hajj kawo in gama maka yau ba shaida ba layi. Wani abokina ya ba irin su kuɗi, takarda ta zo da hatimi fes, sai ranar da ya je yi wa yaron fasfo aka buga a kwamfuta babu sunan sam, ya koma farko ga kuɗi sun tafi. Duk abin da zaka biya ka biya a taga a baka Ornik 15, rasit ɗin gwamnati, wanda yace rasit ba dole bane ka riƙe kuɗinka.

Ka fita da sassafe, ka sai wa shaidunka ful (dafaffen wake) da shayi tukunna, tsofaffi basa jure layi da yunwa.