Gargaɗi ga duk wanda aka yi wa tayin jirgin wasan ruwa daga Legas

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta ta, domin babu ɗan kasuwar da yake son a ji cewa an yi masa sakiyar da ba ruwa, balle wanda ya shekara 22 yana cinikin atamfa da shadda a Kantin Kwari. Amma naira miliyan 18 da rabi ba abin da mutum zai haɗiye ya yi shiru ba ne, kuma labari ya iso mini cewa wanda ya karɓe su yana nan yana yi wa wasu tayin jirgin nan dai da ya sayar mini, wanda har yau ban sa shi a ido ba.

Jirgin da nake magana a kai shi ne irin wanda yake jan mai wasan zamiya da allo a kan ruwa, wasan da ake kira wekbod. A Dubai na fara ganinsa a wata tafiyar sarin kaya, sai na ce a raina ga madatsar Tiga nan kusa da mu, wadda aka kammala tun 1974 zamanin Audu Baƙo, ga kuma ta Challawa a Ƙaraye, ruwa shimfiɗe iya ganinka. Niyyata ita ce in ajiye jirgi ɗaya iyali su riƙa shaƙatawa, ƙarshen mako kuma in ba matasa haya. Na zauna na yi lissafin mai da na direba da na wurin ajiya, don haka masu cewa son burga ne ya ja ni su yi mini adalci.

A Facebook na ga tallarsa, amma ban tura ko sisi ba sai da mai tallar ya tako da ƙafarsa har shagona. Wannan zaman nake ta maimaitawa a kaina dare da rana. Mun idar da sallar la'asar tare, aka kawo shayi, sai na nuna masa hoton wani jirgi mai arha da wani dillali ya turo mini, irin mai inji rataye a baya. Ya duba, ya turo mini wayar a hankali, ya ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, ko ba a wurina za ka saya ba, kada ka sayi wannan." Daga nan ya jawo wani tsohon rasit a kan teburina, ya juya bayansa, ya zana mini jirgin gaske: inji a ciki ta wajen baya, farfela a ƙarƙashin jirgin nesa da ƙafar mai wasa, tankokin da ake cika wa ruwa don jirgin ya yi nauyi ya tayar da babbar igiyar ruwa, da ƙarfen sama inda ake ɗaura igiyar ja. Takardar tana nan a aljihun teburina, da zanensa da shatin kofin shayinsa. Mutumin da ya ce maka ko ba a wurinsa za ka saya ba, ta ina za ka fara zarginsa?

Ya shafe fiye da awa guda yana karantar da ni abin da sabon mai jirgi ya kamata ya sani. Ya ce kafin a tayar da injin fetur da yake rufe a cikin jirgi sai an kunna fankar fitar da tururin mai na minti 4, in ba haka ba tartsatsi ɗaya ya isa gobara. Ya ce a tabbatar an toshe ramin fitar da ruwa na ƙasan jirgi kafin a saukar da shi, domin sababbin shiga da yawa a nan suke fara jin kunya. Ya ce kada a taɓa tayar da injin a kan tudu ba tare da an haɗa masa ruwa ba, saboda 'yar robar famfon da take jawo ruwan sanyaya inji nan take za ta ƙone. Ya ce gudun jan mai wasa bai cika wuce kilomita 30 zuwa 38 a awa ba, a kuma sami mutum na uku da aikinsa kawai kallon wanda ake ja, a kashe inji duk lokacin da zai hawo jirgi. Har gargaɗi ya yi mini a kan komar masuntan Tiga, wadda in ta naɗe farfela an gama wasan ranar. Babban ɗana ya bi waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya a intanet daga baya, ko guda bai samu ƙarya a ciki ba. Wannan ne yake ƙona mini rai fiye da kuɗin, domin da gaskiya tsagwaronta ya saye ni.

Naira miliyan 6 na fara turawa a matsayin kafin alƙalami, bayan ƙaramar salla. A'a, kafin salla ne, cikin goman ƙarshe, domin na tuna kasuwa ta cika ta batse ina amsa wayarsa ina auna wa mutane yadi. Shi da bakinsa ya ce kada in ba shi komai sai na ga bidiyo, ya kuwa turo: jirgi ƙirar kamfanin Malibu na Amurka, fari da shuɗi, wai samfurin 2014, inji yana aiki, agogon da yake ƙidaya aikin inji yana nuna awa 420. Sai naira miliyan 8 da dubu 200, wai kuɗin kwastan, kaya sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, kuma kowace rana kuɗin ajiya ƙaruwa yake yi. Wannan na san gaskiya ne, ni ma ina shigo da kaya, shi ya sa na yi sauri. Asusun da ya ba ni a karo na biyu sunan wani ne daban, ya ce na wakilinsa ne mai fito da kaya. A nan na yarda na yi sake, domin da yaron shagona ne ya yi haka da ya sha faɗa.

Na ukun naira miliyan 4 da dubu 300 ne, na tirelar ɗora jirgi da motar da za ta jawo shi zuwa Kano. Miliyan 6, miliyan 8 da dubu 200, miliyan 4 da dubu 300, ku haɗa da kanku, miliyan 18 da rabi cif. Aka ce mota ta lalace a Mokwa, bayan kwana uku aka ce ta wuce Kaduna, in je Kwanar Ɗangora in tarye su mu wuce Tiga kai tsaye. Ni da direbana muka tsaya a bakin titi tun azahar har aka yi isha'i, duk babbar motar da ta ɓullo daga wajen Zariya sai in miƙe tsaye. Da magariba wayar Injiniya, kamar yadda nake kiransa, ta daina shiga, kuma har yau ba ta sake shiga ba.

Na manta ban faɗa ba, tun a zaman shagon nan ya gaya mini cewa kowane jirgi ƙirar Amurka yana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 12 a bayansa ta hannun dama, biyun ƙarshe kuma su ne shekarar samfurin. Shi ya koya mini, ni kuma ban nemi ta nasa jirgin ba. Na sake kallon bidiyon ya fi sau 50, mai ɗauka yana zuwa daidai wannan kusurwa sai ya juya. Lambar kwantenar da take kan takardar da ya turo kuwa, ɗana ya sa ta a shafin kamfanin jiragen dakon kaya, babu ita babu dalilinta. Ya kuma gano hotunan jirgin nan dai a wata tsohuwar tallar sayar da jirgi a Amurka.

Wani aminina ya ce mini, "Alhaji, Legas fa tafiyar awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama, me ya kai ka cinikin biri a sama?" Ban ji haushinsa ba, amma shi bai zauna da mutumin ba. Na tura wani yarona da yake Legas ya gano mini, aka ce masa ba a shiga tasha sai da takardar izini, ni kuma na san haka abin yake. Mutumin nan ya bi ni salla, ya sha shayina, ya hana ni sayen abin da zai cuce ni, sannan ya tafi da naira miliyan 18 da rabi.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma rubuta wa bankina, maganar tana hannunsu. Lauyana ya ce in dakata da bayyana suna da lambobin asusu, amma hotunan rasit ɗin tura kuɗi uku, da saƙonnin muryarsa, da zanen da ya yi mini, zan sa su nan da zarar an rufe wuraren da ya ce a rufe.

Wanda zai sayi irin wannan jirgi kada ya biya sai ya dafa shi da hannunsa, ya karanta lambar jikinsa, ya hau shi a kan ruwa tare da makanikensa. Kada ya tura kuɗi asusun da sunan mai shi ya bambanta da na mai kaya. Rigunan ceto guda 6 da igiyar ja da na riga na saya suna nan a sito cikin ledarsu, mai buƙata ya yi mini magana.