Manhajar Geocaching a tsakiyar birni: kibiya ta kai mu, ido ya ƙarasa

Wata uku ke nan ina amfani da manhajar Geocaching, amma ban ga na isa in ce komai a kanta ba sai da wata ajiya guda ta cinye mana Asabar biyu a jere, mu biyar.

Ga wanda bai san wasan ba, wani ne zai ɓoye ɗan mazubi da takardar sa hannu a ciki, ya saka lambobin da ke nuna wurin a taswira a intanet. Kai kuma ka bi GPS ɗin wayarka ka nemo shi, ka rubuta suna da kwanan wata, ka mayar yadda ka tarar. Abin ya faro ne a watan Mayun 2000, bayan gwamnatin Amurka ta daina rage daidaiton siginar GPS ga farar hula. Ranar 3 ga watan, Dave Ulmer ya ajiye wani baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobinsa, mutane suka je suka nemo. Yau ajiyoyin sun haura miliyan 3 a duniya. Na kawo wannan tarihi ne saboda dalili ɗaya: a daji aka haifi wasan, inda sama take a buɗe. Mu kuwa tsakanin dogayen benaye muka kai shi.

Kowace ajiya tana da maki biyu, daga 1 zuwa 5, ɗaya na wuyar ganowa, ɗaya na wuyar hanya. Tamu tana da 4 a ganowa, 1.5 a hanya, girmanta kuma mafi ƙanƙanta. Ma'ana ba hawa ba gangara, da takalmin ofis ma za ka isa, amma isa ba shi ne gani ba. A manhajar, wanda bai biya kuɗin zama cikakken memba ba yana buɗe ajiyoyi ne masu maki 2 zuwa ƙasa, don haka sai da na biya kafin wannan ta buɗe mini. Masu sauƙin sun ishi mai koyo makonni da dama, ban kuma ba kowa shawarar ya biya tun ranar farko ba. Ni dai a lokacin na riga na ƙoshi da su.

Asabar ta farko kibiyar da manhajar ke nuna hanya da ita ta kai mu wani ɗan fili tsakanin benaye biyu masu gilashi, ga shingen ƙarfe a bakin titi, ga bencina, ga fitilun hanya. Wayata ta ce saura mita 3. Na ɗaga ƙafa sau biyu, ta ce saura 14. Ta abokina tana nuna tsallaken titi, ta matarsa tana nuna cikin benen kansa. Muka yi ta zarya kamar masu neman allurar da ta faɗi a rairayi.

A nan ya kamata a yi wa manhajar adalci, domin da farko na ɗauka ita ce ta rikice. Ba ita ba ce. Taurarin ɗan'adam na GPS suna nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, waya kuma tana buƙatar siginar aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Lissafin nata ya dogara ne da tsawon lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta iso. A fili, wayar zamani takan yi kuskuren kamar mita 5. Tsakanin benaye kuwa, bango yana tare wasu taurarin, siginar wasu kuma sai ta bugi gilashi ta dawo kafin ta shiga wayar, hanyarta ta ƙara tsawo, lissafin ya karkace. Ƙari a kan haka, shi ma mai ajiyar a wannan wuri ya tsaya da tasa na'urar ya ɗauki lambobin. Kuskure biyu ke nan sun haɗu. Babu manhajar da za ta gyara wannan.

Kusan awa guda muka yi. Mai gadin ɗaya daga cikin benayen ya tako ya ce, "Malam, lafiya? Wani abu ne ya faɗi?" Na nuna masa wayar, na yi masa bayanin wasan gaba ɗaya. Ya yi murmushi, ya ce mu dai kada mu taɓa akwatin wutar lantarkin da ke gefe, ya koma bakin aikinsa. Gaskiyarsa ce, kuma ina ganin faɗin gaskiya a irin wannan hali ya fi kowace dabara. Mutum biyar suna leƙen ƙarƙashin benci a tsakiyar gari abin tambaya ne. Da rana ta yi sanyi muka haƙura, na rubuta a manhajar cewa mun nema ba mu samu ba, abin da 'yan wasan ke kira DNF.

Abin da ya sa nake yaba manhajar a cikin makon da ya biyo baya na gano shi, ina zaune a gida. Kowace ajiya tana da jerin bayanan duk waɗanda suka neme ta, da waɗanda suka samu da waɗanda suka kasa. Na karanta su tun daga na farko. Babu wanda ya tona asiri, domin al'adar wasan ta hana, amma kowa yana sakin ɗan abu. Wani ya ce ya ɗora hannu a kanta sau biyu bai sani ba. Wata ta ce sai a zuwa na uku ta dace, kuma lambobin sun kauce kaɗan zuwa wajen titi. Wani ya gode wa mai ajiyar saboda gwanintar hannunsa. Na kuma ga an same ta kwana tara kafin zuwanmu, wato tana nan, ba a ɗauke ta ba. Wannan kaɗai ya isa ya mayar da mutum. Sai alamar da mai ajiyar ya bari, wadda muka ƙi buɗewa a zuwan farko don muna son mu gano da kanmu. Kalma ɗaya ce: ƙidaya.

Asabar ta biyu muka yi yarjejeniya tun a hanya. Da mun isa, kowa ya sa wayarsa a aljihu. Wanda ya fara gani kada ya yi magana, ya matsa gefe ya zauna, sai sauran sun gani da idonsu. Ka'idojin wasan ma sun rage mana aiki: ba a binne ajiya a ƙasa, ba a kuma yarda a lalata kayan jama'a wajen ɓoye ta ba, don haka duk abin da yake buƙatar tono ko kwancewa da sifana ba shi ba ne.

Mun ƙidaya bencina, mun ƙidaya fitilu. Ƙanin abokina, wanda walda ce sana'arsa, shi ya tsaya yana kallon shingen. Can sai na ga ya koma benci ya zauna shiru, fuskarsa cike da fara'a. Na matsa kusa da shi, ya ce, "Yaya, ba zan faɗa ba. Amma ka dubi ƙafafun shingen nan da kyau." Kowace ƙafa noti huɗu ne suka riƙe ta. Guda ɗaya tana da biyar. Na biyar ɗin an yi masa fenti iri ɗaya da sauran, har da ɗan tsatsa, sai dai ba ya riƙe da komai. Maganaɗisu ne ya manne shi. Na tuna a makon da ya wuce na jingina a daidai wurin ina duban waya.

A nan yawanmu ya yi rana. Uku suka tsaya suna hira sun kare mu daga idon masu wucewa, ni da matar abokina muka cire notin. Cikinsa rami ne, da takarda a naɗe, faɗinta bai kai na farce ba. Da hantsaki muka zaro ta, kuma duk mai zuwa neman irin wannan ya tafi da hantsaki da biro mai siririn baki, domin babu wurin ajiye biro a ciki. Suna ɗaya muka rubuta a madadin mu duka don kada mu cinye wa na baya takarda. Naɗe ta ta koma ya fi zaro ta wuya. Muka mayar da notin daidai yadda yake fuskanta.

Taswirar manhajar a bayyane take, rubuta sakamako ba ya cin minti biyu, kuma cikakken memba yana iya sauke jerin ajiyoyi don amfani inda babu intanet. GPS yana shan batiri, saboda haka a tafi da abin caji. Cikakken memba yana samun makin yabo ɗaya bayan kowace ajiya goma da ya gano, ya ba wadda ta fi burge shi. Ina da guda biyu da nake riƙo. A daren na ba wannan notin ɗaya, na rubuta wa mai shi godiya mai tsawo, ban ambaci shinge ba ko sau ɗaya.