Gargaɗi: a yi hattara da mai sayar da murjanin teku da "maganin" farfaɗo da shi

Assalamu alaikum. Da izinin ƙanina nake wannan rubutu, domin shi abin ya faɗa wa, kuma shi da bakinsa ya ce in sanar da jama'a kada wani ya sake afkawa. Muna zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, shi kuwa kiwon tarwada yake yi a tankin siminti a bayan gida, shekara shida ke nan. Ba yaro ba ne, ba kuma mai son banza ba ne. Allah ne ya zuba masa sha'awar halittun ruwa tun muna zuwa su a bakin kogi, kuma ta wannan ƙofar aka shigo masa.

A Facebook ya fara ganin bidiyon: akwatin gilashi cike da murjani mai rassa kamar ƙahon barewa, kore da ja da ruwan hoda, yana ƙyalli ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Ba murjanin da iyayenmu mata suke sawa a wuya ba, wannan mai rai ne, wanda ake ajiyewa cikin ruwan gishiri don ado. Ya yi wa mai tallan magana, mutumin ya ce su koma WhatsApp. Daga nan sai saƙon murya cikin Hausa mai daɗi, "Alhaji" a farko, "ranka ya daɗe" a ƙarshe. Ya ce daga tekun Legas ake ciro shi, saboda haka ya saba da zafin ƙasarmu. Ya ce ruwan burtsatse da gishirin miya sun wadatar. Ya ce yana tsiro kamar rogo, in ya yi wata uku sai a karya reshe a sayar wa otal-otal na Kano, shi ma zai riƙa saye. Ƙanina ya sayar da kifin tanki ɗaya, ya haɗa da rance, ya tura naira dubu 180 na murjani guda biyar da famfo da fitila.

Ni ban sani ba sai ranar da ya dawo daga tasha a Kano ɗauke da kula. Ina tsaye ya buɗe. Ƙanƙarar ta daɗe da narkewa, ledojin da ɗumi kamar an ɗebo su daga rana. Guda biyu launinsu ya yi tsanani har yana ɗaukar ido, kuma ruwan cikin leda ɗaya ya rine ya koma ruwan hoda. Sauran ukun fari fat kamar alli. Na kai ɗaya hanci, ƙarni ya buge ni. Na ce masa anya kuwa? Ya ce, "Yaya, mutumin ya ce farin shi ne mafi tsada, sabon toho ne." Na yi shiru don kada in kashe masa gwiwa, kuma har yau shirun nan yana ci mini rai.

Damfarar ta gaskiya ba a cinikin farko take ba, a abin da ya biyo baya take. Kwana huɗu da sakawa, naman jikin murjanin ya fara saluɓewa daga gindi yana yin sama, kamar ana tuɓe wa rake ɓawo. Ƙanina ya tura hoto. Nan take aka amsa: ciwon sauyin wuri ne, akwai magani, dubu 25. Aka aiko farar hoda a roba ba suna ba takarda, a zuba cokali uku kullum. Ya zuba, ruwan ya yi fari kamar an dama koko. Ya sake tura hoto. Aka ce ai ƙwayar cuta ce ta shiga, sai shuɗin magani, dubu 30. Da wannan ma bai yi ba, sai murya ta sauya. Babu sauran "ranka ya daɗe". Sai: kai ne ba ka bi ƙa'ida ba, kai ne ka bar yara suka taɓa gilashi, amma don tausayi a turo dubu 40 a kawo "injiniya" daga Legas. A nan ne ƙanina ya shigo ɗakina da daddare da robobin biyu a hannu, ya ce, "Yaya, duba mini, zuciyata ba ta kwanta ba."

Washegari na tafi da su makaranta. Farar hodar na ɗiga mata ruwan lemon tsami, ta taso da kumfa, na ɗanɗana ƙwaya a harshe, ɗanɗanon kanwa sak. Shuɗin ruwan kuwa na jefa sabuwar ƙusa a ciki na bar ta. Kafin a tashi tara, ƙusar ta yi ja kamar an shafe ta da jan ƙarfe. Duk ɗalibin da ya yi gwajin nan a aji ya san ma'anarsa: sinadarin jan ƙarfe ne a ciki. Ana amfani da shi wajen maganin wasu cututtukan kifi, amma ga murjani guba ne, ɗan kaɗan ya isa ya kashe shi, kuma yana maƙalewa a duwatsu da yashin akwatin ya ci gaba da ɓarna. Wato mutumin nan da hannunsa ya aiko abin da zai ƙarasa kayan, don laifin ya dawo kan mai saye.

Bari in faɗi abin da murjani yake, don da ƙanina ya san wannan da ko sisi bai fita ba. Ba dutse ba ne, ba tsiro ba ne. Ƙananan dabbobi ne dubbai da suke zaune tare, suna gina wa kansu ƙashi da irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. A cikin namansu akwai wata gansakuka mai ƙanƙanta da ido ba ya gani, ita ke sarrafa haske ta ba su mafi yawan abincinsu, ita ce kuma tushen launin ƙasa-ƙasa da ake gani a jikinsu. Idan zafi ya yi yawa sai murjanin ya kore ta, ya koma fari. Farin nan da aka ce masa sabon toho ne, alamar yunwa ce da kusantar mutuwa. Haka ya faru da babban tudun murjani na gaɓar Ostireliya a 1998 da 2016 da 2017, saboda zafin teku ya ɗaga da digiri ɗaya ko biyu kawai na 'yan makonni. To ina ga ɗakin kwano a Jigawa?

Masu kiwonsa suna riƙe ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, dare da rana. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yana haura 40. Na tsoma ma'aunin zafi na makaranta a akwatin ƙanina bayan azahar, ya nuna 33. Babu hodar da za ta gyara wannan, sai na'urar sanyaya ruwa da wutar da ba ta yankewa, ga famfon da dole ya riƙa juya ruwa ko da tsakar dare ne. Solar gidanmu fanka da cajin waya take ɗauka, kafin asuba batir ya sauka.

Maganar gishiri ita ma ƙarya ce. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, amma ba gishirin miya zalla ba ne, akwai kalsiyam da magniziyam da sauransu, kowanne da gwargwadonsa. Akwai gishirin da ake haɗawa musamman don wannan, kuma da tataccen ruwa ake dama shi, ba na burtsatse ba. Sannan mutumin ya ce wa ƙanina in ruwa ya ragu ya ciko da ruwan gishiri. Ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishiri yana nan, don haka kowane ciko ƙara ɗaci yake yi. Hodar kanwar ma, gaskiya ne masu kiwo suna amfani da danginta, amma sai sun auna ruwan tukuna, su ƙara kaɗan-kaɗan. In aka antaya da cokali, kalsiyam ɗin da murjanin yake bukata sai ya daskare ya fita daga ruwan, shi ne farin kokon nan da muka gani.

Batun tekun Legas kuwa, gaɓar Najeriya ba ta da tudun murjani irin wannan. Kogin Neja da sauran koguna suna kwararo laka da ruwan daɗi, shi kuwa murjani garau yake so. Wanda ake ciniki a duniya daga wurare irin su Indonesiya da Ostireliya yake fitowa, kuma duk murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ba ya ƙetare iyakar ƙasa sai da takardar izini. Ƙanina ya tambaye shi takarda sau ɗaya, aka ce masa "ba ka yarda da ni ba ke nan, Alhaji?" Kunya ta sa ya janye. Da kunyarmu suke cin mu.

Idan akwai wanda ya riga ya saya kuma nasa ya fara lalacewa, kada ya zuba komai da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Ya fara da auna zafi da ƙarfin gishiri, ya gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya, a hankali, don sauyin gaggawa ya fi kashe murjani a kan ƙaramin kuskuren da ya zauna daram. Ya sauya kashi ɗaya cikin goma na ruwan da sabon haɗi. Ya duba da kyau: wanda ya yi fari amma siririn namansa yana nan, yana iya dawowa in zafi ya sauka. Wanda nama ke saluɓewa, a karya reshen da ya rage da lafiya sama da inda cutar ta kai, a ware shi. Wanda ƙashi ya rage tsirara har gansakuka ta fara rufe shi, ya mutu, kuma duk mai ce maka yana da maganin tayar da shi kuɗinka yake so. Kafin saye kuma, a nemi a nuna kayan a kiran bidiyo kai tsaye da farin haske, domin shuɗiyar fitila tana sa ko mai jinya ya yi ƙyalli.

Ranar da na karɓi wayar na gaya wa mutumin abin da ƙusa ta nuna, bai ce uffan ba, ya kashe, ya toshe lambar. Mun kai rahoto banki da ofishin 'yan sanda, tare da shaidar tura kuɗi da saƙonnin muryarsa. Jimillar abin da ya fita dubu 235, ban da kuɗin mota, kuma ƙanina yana nan yana biyan rancen da kifin da ya rage masa.

Abin da ya sa ban jira ba, makon jiya wani abokinsa daga wajen Haɗeja ya turo masa bidiyo yana murna, wai ya samu sabuwar sana'a. Bidiyon nan ne dai, akwatin nan, fitilar nan, muryar nan, sunan shafi da lambar asusu kawai aka sauya. Ya riga ya tura rabin kuɗi. Don Allah wanda ya karanta ya tura wa ƙungiyoyin masu kiwon kifi na garinsu, ya kuma karanta wa wanda ba ya karatu, domin da saƙon murya mutumin nan yake farauta.