Sharhi a kan Les Cerfs-volants de Kaboul: amanar da aka ci a Kabul

A watan da ya wuce na sayi wannan littafi jikka biyu a hannun wani mai baza tsofaffin littattafai kusa da babbar kasuwar Maradi. Bangonsa ya ɗan yage, amma shafukansa cikakku ne, kuma Faransancin fassarar bai sa ni buɗe ƙamus ba sai jefi-jefi. Khaled Hosseini ne ya rubuta shi da Ingilishi, ya fito a 2003.

Labarin Amir ne, ɗan wani attajirin Kabul, da Hassan, ɗan baran gidansu daga ƙabilar Hazara, waɗanda suka tashi tare. A hunturun 1975, ranar gasar filfilo, wato takardar da yara ke tayarwa sama da zare, wasu yara suka tare Hassan a lungu suka ci zarafinsa, Amir yana laɓe yana gani, bai ce uffan ba. Wannan tsoro ne na yarinta, kuma ana iya yi masa uzuri. Abin da ya hana ni barci shi ne wanda ya biyo baya, domin Amir ya kasa jure ganin fuskar wanda ya ci amanarsa: ya jefe shi da ƴaƴan rumman don Hassan ya rama, shi kuwa Hassan ya ɗauki guda ya fasa a goshinsa da hannunsa, daga baya Amir ya cusa agogonsa da kuɗi ƙarƙashin katifar Hassan, shi kuma da aka tambaye shi ko ya sata, sai ya amsa laifin da bai yi ba. A nan marubucin ya nuna ya san zuciyar mai laifi, wadda haƙurin wanda ta zalunta ya fi ƙona ta a kan zagi.

Rabin ƙarshe bai gamsar da ni haka ba. Amir ya baro Amurka a 2001 zuwa Pakistan, inda aka roƙe shi ya ceto Sohrab, ɗan Hassan, daga hannun Taliban, amma sai da aka shaida masa cewa shi da Hassan uba ɗaya suke kafin ya yarda ya shiga Kabul. To, da a ce ɗan bara ne kawai fa? Ga shi kuma Hassan ya riga mu gidan gaskiya, alhali a tarbiyyarmu haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Dukan da Amir ya sha a hannun wani ɗan Taliban wajen ceto Sohrab, har yana dariya wai ya samu sauƙi, ni ban ga abin da ya ƙara wa mamacin ba.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Na riga na ara wa wani abokin aikina, tare da gargaɗin kada ya bar shi inda yara za su ɗauka, saboda babin lungun nan.